Masu Digiri a Gaban Kuliya: Abin da Na Taras a Nuremberg

Lokacin da editan wannan mujalla tamu ya matsa mini lamba a kan lallai sai na kawo wani abu a wannan fitowa, niyyata ta farko ita ce in yi rubutu a kan zazzaɓin cizon sauro, tunda dai kiwon lafiyar al'umma na karanta a digirina na biyu, kuma a kansa nake ci gaba da bincike a nan ƙasar Jamus. To amma wani abu da ya same ni bara ya sa na sake shawara. Kwamitin da ke tantance bincike a jami'armu ya dawo mini da takarduna har sau biyu, wai bayanin da zan karanta wa mutanen da zan ɗebi jininsu bai fito fili ba, kuma ban nuna musu ƙarara cewa suna da ikon su ƙi ba. Raina ya ɓaci matuƙa, domin na yi asarar wata uku cur. Da na kai kukana wurin malamar da ke duba aikina, ba ta ba ni haƙuri ba, sai cewa ta yi in yanki tikitin jirgin ƙasa ranar Asabar in je birnin Nuremberg in ga inda wannan ƙa'ida ta samo asali. Na je ɗin, kuma abin da na taras a can ya wuce batun takarduna nesa ba kusa ba.

Ɗakin shari'a mai lamba 600 yana cikin babban ginin kotun birnin, kuma bai kai girman da nake zato ba. An ci gaba da yin shari'a a cikinsa har zuwa shekarar 2020, yanzu kuwa wurin ziyara ne, da gidan tarihi a samansa wanda aka buɗe a 2010. A nan ne ranar 20 ga Nuwamba, 1945, ƙasashe huɗu da suka ci yaƙin duniya na biyu, wato Amurka da Birtaniya da Faransa da Tarayyar Sobiyet, suka gurfanar da ragowar manyan gwamnatin Hitila. An zaɓi wannan birni ne saboda ginin kotun ya tsira daga ruwan bama-bamai, ga shi kuma haɗe da gidan yari. Ban da haka, a nan ne jam'iyyar Nazi kan yi gangaminta na shekara-shekara, kuma a nan aka shelanta dokokin 1935 da suka raba Yahudawan Jamus da 'yancin zama 'yan ƙasa, suka haramta aure tsakaninsu da sauran Jamusawa. Shekara goma bayan waɗannan dokoki, an riga an kashe Yahudawa kimanin miliyan 6, wato kusan biyu cikin kowane uku na Yahudawan Turai, ban da 'yan ƙabilar Roma da naƙasassu da fursunonin yaƙi na Sobiyet.

Mutum 24 aka tuhuma. Ɗaya ya rataye kansa kafin a fara, ɗaya tsufa da ciwo suka hana a gurfanar da shi, ɗaya kuma a bayan idonsa aka yi masa shari'a. Da aka zo yanke hukunci ranar 1 ga Oktoba, 1946, an yanke wa 12 hukuncin kisa, uku ɗaurin rai da rai, huɗu ɗaurin shekara 10 zuwa 20, aka kuma wanke uku. Hermann Göring, wanda shi ne babbansu, ya sha guba ana saura 'yan sa'o'i a rataye shi.

Kafin in je, ɗauka nake yi wannan shari'a ta kisan Yahudawa ce daga farkonta har ƙarshe. Ashe ba haka ba ne. Babban laifin da Amurkawa suka fi ba wa ƙarfi shi ne haɗa baki da tayar da yaƙi a kan maƙwabta. Kisan Yahudawa ya shigo ne a ƙarƙashin laifukan yaƙi da kuma wani sabon laifi da aka kira cin zarafin bil'adama, kuma alƙalan suka taƙaita shi ga abin da ke da alaƙa da yaƙin, saboda haka duk uƙubar da aka gana wa Yahudawan Jamus kafin 1939 ba ta shiga hukunci ba. Wani lauya Bayahude ɗan ƙasar Folan mai suna Raphael Lemkin, wanda ya rasa danginsa 49, shi ne a cikin littafinsa na 1944 ya ƙirƙiro sunan laifin da muke kira kisan ƙare dangi da Hausa. Ya yi ta zarya har kalmar ta shiga takardar tuhuma, amma ko sau ɗaya ba ta fito a cikin hukuncin ba. Sai ranar 9 ga Disamba, 1948, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar da ta mai da shi laifi mai zaman kansa.

Ba zan ɓoye wa mai karatu cewa kotun tana da tabo ba. Alƙalin Sobiyet, Iona Nikitchenko, yana cikin waɗanda suka zauna a shari'o'in bogi na Stalin a 1936. Lauyoyin Sobiyet sun yi ƙoƙarin ɗora wa Jamusawa kisan dubban hafsoshin Folan a dajin Katyn, alhali su suka yi, kuma sai a 1990 suka amsa. Mu kuma 'yan Afirka muna da namu abin lura, domin ranar 8 ga Mayu, 1945, ranar da Turai ke bikin ƙarewar yaƙi, ita ce ranar da aka fara kisan dubban mutane a Setif ta ƙasar Aljeriya a hannun Faransawa, ga shi kuma wata shida bayan nan alƙalin Faransa yana zaune a kan kujerar shari'a. Duk wannan gaskiya ne. Amma hannun alƙali ya yi datti bai sa hujjar da ke gabansa ta zama ƙarya ba, kuma hujjar Nuremberg ba daga bakin waɗanda suka ci yaƙi ta fito ba.

Babban mai gabatar da ƙara na Amurka, Robert Jackson, ya yanke shawara tun farko cewa a kan takardun Jamusawan kansu zai gina ƙararsa, domin ya san wata rana za a sami masu cewa shaidu sun ƙara gishiri. Takardun kuwa ga su nan jibge. Hans Frank, dakta a fannin shari'a wanda ya mulki yankin Folan da aka mamaye, da hannunsa ya miƙa wa Amurkawa littattafan ayyukansa na yau da kullum kimanin 40. Janar ɗin da ya rushe unguwar Yahudawa ta birnin Warsaw a 1943, Jürgen Stroop, ya haɗa rahotonsa da hotuna, aka yi masa bango mai kyau kamar kundin kammala karatu. Wannan hanya ta Jackson ta sa Yahudawan da suka tsira 'yan ƙalilan ne kawai aka saurara, irin su Samuel Rajzman da ya kuɓuto daga sansanin Treblinka da mawaƙi Abraham Sutzkever. Wannan rashi ne babba, amma takardun sun yi aikin da aka ɗauko su dominsa.

A nan ne na fara tsayawa ina tambayar kaina: su wane ne suke rubuta irin waɗannan rahotanni masu tsari, da kwanan wata da jimla a ƙasa? A da, in aka ce ɗan Nazi, wani ƙaton jahili nake hangowa da gora a hannu. Likitan halayyar ɗan Adam da aka ajiye a gidan yarin, Gustave Gilbert, ya gwada kaifin basirar waɗanda ake tuhuma. A ma'aunin da matsakaicin mutum ke samun 100, Hjalmar Schacht ya sami 143, Göring 138, wanda ya fi kowa ƙasa, Julius Streicher, ya sami 106.

Ranar 3 ga Janairu, 1946, aka kira wani shaida mai suna Otto Ohlendorf, ɗan shekara 38, mai tsabta da natsuwa, wanda ya karanta shari'a da tattalin arziki a jami'o'in Leipzig da Göttingen, har ya yi aiki a cibiyar binciken tattalin arzikin duniya ta Kiel. Shi ne ya jagoranci ɗaya daga cikin rundunoni huɗu da ake kira Einsatzgruppen, waɗanda ke bin bayan sojojin Jamus cikin ƙasar Sobiyet tun daga watan Yunin 1941, suna tattara Yahudawan kowane gari su kai su bakin rami su harbe. Da aka tambaye shi mutum nawa rundunarsa ta kashe cikin shekara guda, bai yi wata-wata ba ya ce kimanin 90,000, maza da mata da yara. Ya ma yi bayanin cewa ya hana mutum ɗaya ya riƙa harbi shi kaɗai, sai dai a harba tare, don kada nauyin abin ya danne zuciyar yaransa. Tausayinsa ke nan, kuma a kan masu harbin ya ƙare.

Bayan babbar shari'ar, Amurkawa su kaɗai sun gudanar da wasu 12 a wannan gini tsakanin 1946 da 1949, a kan likitoci da alƙalai da janarori da masu masana'antu. Ta farko ita ce wadda malamata ta turo ni dominta. Mutum 23 aka gurfanar, 20 daga cikinsu likitoci ne, waɗanda suka tsoma fursunoni cikin ruwan ƙanƙara don su ga minti nawa mutum zai yi kafin ya mutu, suka sanya wa wasu zazzaɓin cizon sauro da gangan a sansanin Dachau don gwajin magani. Da na karanta wannan na ƙarshe sai jikina ya mutu, domin cutar da nake bincike a kanta ce. A cikin hukuncin watan Agustan 1947 alƙalai suka zayyana ƙa'idoji 10 na gwaji a kan ɗan Adam, ta farkonsu ita ce ba a taɓa mutum sai da yardarsa ta ƙashin kansa. Tun a jirgin dawowa na fara gyara takarduna, kuma ban sake yi wa kwamitin nan gunaguni ba.

Shari'ar da ta fi tsaya mini a rai dai ita ce ta kwamandojin Einsatzgruppen, daga Satumban 1947 zuwa Afrilun 1948. Masu bincike sun ci karo da rahotannin rundunonin a birnin Balin, suka kai wa wani matashin lauya mai suna Benjamin Ferencz. Ya ɗauko ɗan injin lissafi ya fara tarawa, da ya wuce miliyan guda sai ya tafi wurin manyansa ya ce dole a yi shari'a. Aka ce babu lauyoyi, in zai iya ya yi da kansa. Shekarunsa 27 a lokacin, wato sa'an yawancinmu, kuma bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Cikin kwana biyu ya gama gabatar da ƙararsa, yana dogaro da takardu. Da gangan ya zaɓi masu manyan muƙamai da masu zurfin karatu. A cikinsu akwai Otto Rasch mai digirin dakta har biyu, wanda ciwo ya sa aka cire shi daga shari'ar. Akwai Paul Blobel, mai zanen gine-gine, wanda rundunarsa ta jagoranci kisan kwazazzabon Babi Yar a birnin Kiyef, inda rahotonsu ya ce an harbe mutum 33,771 a ranakun 29 da 30 ga Satumba, 1941. Lura da wannan ɗayan na ƙarshen lissafi, mai karatu, wani ne ya zauna ya ƙirga. Akwai tsohon fasto, akwai mawaƙin dandali, akwai lauyoyi da dama. Da aka tambayi Ohlendorf laifin me yara suka yi, sai ya ce ai za su girma su san abin da aka yi wa iyayensu, su zama barazana. Ya faɗi haka ne kamar mai kare kundin digirinsa.

Ba a bakin rami kawai masu ilimin suke ba. Ranar 20 ga Janairu, 1942, manyan jami'ai 15 suka yi taro a wani gida a bakin tafkin Wannsee, a gefen Balin, don daidaita aikin ma'aikatu wajen kwashe Yahudawan Turai, waɗanda suka ƙiyasta miliyan 11, zuwa gabas. Takwas daga cikin 15 ɗin suna da digirin dakta. Taron bai wuce kimanin awa ɗaya da rabi ba. An buga rahotonsa kwafi 30, guda ɗaya ce ta tsira, kuma sai a 1947 aka gano ta, bayan an gama babbar shari'a. Kusan rabin likitocin Jamus sun shiga jam'iyyar Nazi. Wani abin da ya kamata mujallar ɗalibai ta sani kuma shi ne, 'yan Nazi sun karɓe shugabancin ƙungiyar ɗaliban jami'o'in Jamus tun a 1931, shekara biyu kafin Hitila ya hau mulki, kuma ɗalibai ne suka shirya ƙona littattafai a watan Mayun 1933. Ba dole aka yi musu ba. Matasa ne masu neman aiki da muƙami, waɗanda aka koya wa cewa damuwar ƙasarsu tana da sunan wata ƙabila, kuma korar malamai da likitoci Yahudawa ta buɗa musu guraben aiki.

Kariyar da kusan kowa ya kawo ita ce umarni aka ba shi. Dokar da ta kafa kotun ta riga ta toshe wannan ƙofa, ta ce umarni ba ya wanke laifi, sai dai ko ya rage hukunci. Masu binciken da suka zo daga baya sun duba ba su sami ko mutum ɗaya da aka kashe don ya ƙi harbin Yahudawa ba. Masanin tarihi Christopher Browning ya bi diddigin wata bataliyar 'yan sanda mai mutum kusan 500, talakawan birnin Hamburg, wadda kwamandanta ya ce duk wanda ba zai iya ba ya fito gefe, a garin Józefów a 1942. Mutum goma sha wani abu ne suka fito.

Sai dai kash! Abin da ya biyo bayan hukunci ba mai daɗin ji ba ne. Cikin 14 da aka yanke wa kisa a shari'ar Ferencz, huɗu kawai aka rataye, ranar 7 ga Yuni, 1951, ciki har da Ohlendorf da Blobel. Yaƙin cacar baka ya riga ya kankama, Amurka na buƙatar Jamus ta Yamma, sai aka shiga sassauci. Zuwa 1958 duk an sako sauran. Martin Sandberger, dakta a fannin shari'a wanda rundunarsa ta ƙarar da Yahudawan Istoniya, an yanke masa kisa, amma a gidan kula da tsofaffi ya mutu a birnin Stuttgart a 2010, yana da shekara 98. Hans Globke, wanda ya rubuta sharhin dokokin 1935, shi ne ya riƙe ofishin shugaban gwamnati Adenauer daga 1953 zuwa 1963. Josef Mengele, likitan sansanin Auschwitz mai digirin dakta biyu, bai taɓa shiga kotu ba, a ruwa ya mutu a Birazil a 1979.

Da 'yan tsiraru ba su nace ba, da maganar ta mutu a nan. Fritz Bauer, babban lauyan gwamnatin jihar Hesse, Bayahude ne da ya dawo daga gudun hijira, kuma da ya sami labarin inda Adolf Eichmann yake a Ajantina, bai yarda da ma'aikatar shari'ar ƙasarsa ba, sai ya tsegunta wa Isra'ila. A shari'ar Eichmann ta 1961 a Birnin Ƙudus ne aka fara sauraron waɗanda suka tsira yadda ya kamata, shaidu sama da 100. Eichmann, wanda shi ne ya rubuta rahoton taron Wannsee, ya nuna kansa a matsayin ɗan akawu mai tsara jadawalin jiragen ƙasa, har marubuciya Hannah Arendt ta ɗauke shi mutum marar zurfin tunani. Faifan hirar da ya yi da abokansa a Ajantina a 1957 ya nuna ya san abin da yake yi sarai, kuma alfahari yake da shi. Bauer ɗin ne kuma ya tsaya kai da fata har aka yi shari'ar ma'aikatan Auschwitz a Frankfurt daga 1963 zuwa 1965, sansanin da aka kashe mutum kimanin miliyan 1.1, yawancinsu Yahudawa.

Akwai wata magana da ba zan tsallake ba, ko da za ta ɓata wa wani rai. Na sha ji a hirarmu ta ɗalibai, a gida da nan waje, wani ya ce ai wannan labari ƙirƙirarsa aka yi, wani ma har ya yaba wa Hitila, saboda zafin abin da ake yi wa Falasɗinawa. Zafin na san shi, ni ma ina jinsa. Amma tsohuwar da aka harbe a Babi Yar da jikanta a hannu ta mutu shekara bakwai kafin a kafa ƙasar Isra'ila, kuma wanda ya rubuta lissafinta Bajamushe ne, ba Bayahude ba. Hitilan da ake yabo kuwa, a littafinsa baƙar fata bai cika mutum ba, kuma a 1937 gwamnatinsa ta yi wa ɗaruruwan yara 'ya'yan sojojin Afirka da aka haifa a yankin Rhein aikin hana haihuwa da ƙarfi. Yarjejeniyar nan ta Lemkin ita ce aka hukunta wani magajin gari na Ruwanda da laifin da ta fayyace a 1998, ita ce Gambiya ta riƙe ta kai ƙarar Myanmar a kan 'yan Rohingya a 2019, kuma ita ce Afirka ta Kudu ta riƙe ta kai ƙarar Isra'ila a Disamban 2023. Ban ga yadda mutum zai riƙe wannan doka a hannu, ya kuma ƙaryata kisan da ya haife ta ba.

Shekaru da dama kotunan Jamus suna neman sai an nuna takamaiman mutumin da wanda ake tuhuma ya kashe, abin da ya sa dubbai suka sha. A 2011 aka sauya, lokacin da wata kotu a Munich ta sami John Demjanjuk da laifin taimakawa wajen kisan mutum sama da 28,000, bisa hujjar cewa ya yi gadi a sansanin Sobibor, inda babu wani aiki sai kisa. A lokacin yawancin masu laifin sun riga sun mutu a kan gadajensu. Ferencz kansa ya rayu har zuwa 2023, ya rasu yana da shekara 103.

Ɗaya daga cikin na ƙarshe da aka hukunta ita ce Irmgard Furchner, wadda tana 'yar shekara 18 ta fara aikin buga tafireta a ofishin kwamandan sansanin Stutthof, daga 1943 zuwa 1945. Babu wanda ya ce ta taɓa riƙe bindiga. Wasiƙu da umarnin kwamanda take bugawa, kuma alƙalai sun je wurin da kansu suka duba abin da ake iya hangowa daga tagar ofishin. A watan Disamban 2022, tana da shekara 97, kotun da ke shari'ar matasa, saboda shekarunta a lokacin laifin, ta same ta da taimakawa wajen kisan mutum 10,505, ta yi mata ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka na shekara biyu. Ta ɗaukaka ƙara, babbar kotun tarayya ta tabbatar da hukuncin a watan Agustan 2024. Ta mutu a watan Janairun 2025.